Ruwan Farfesa Ya Ƙi Kwanciya

To kai da kake cewa karatu hutu ne, zo ka ga Farfesa. Ba farfesan gaske ba ne fa, ƙannensa ne suka laƙa masa don tsiya. Aikinsa ɗaya a duniya: ya zana turke a kwamfuta, ya saki ruwan ƙarya ya bi gefensa a hankali kamar zuma, injin ya yi ta lissafi har ruwan ya kwanta luf. Malaminsa ya ce in bai kwanta ba kafin a rufe makaranta, ya tattara ya ba wasu wuri.

Ruwa kuwa ya ce bai san zancen ba. Da ya zagaya bayan turken sai lambobin su haukace, allon ya yi ja. Bawan Allah ya rame, wuya kamar mariƙin lema.

Rannan uwarsa ta leƙo ta tarar ya dafe kai.

"Wai me ke cin ka ne?"

"Inna, ruwan ne ya ƙi kwanciya."

Ta fita, sai ga ta da ƙullin alam. "Ungo, jefa masa. Ko na kwata ne zai kwanta."

Ƙannen suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye kusa da kwamfutar. Alam ɗin yana nan, allon ma yana nan ja.

In kai ne, da wane baki za ka gaya mata ruwan da ke cin ɗanta ko yatsa ba ya jiƙawa?