Kukan Lofen Baba Tsoho

A ƙauyenmu, can gefen Baure, idan sanyi ya shigo, Iya takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta da zarar an idar da sallar isha'i. Iya ita ce kakata ta wajen uba. Mu jikokinta mukan zagaye wutar, kowa ya cusa ƙafafunsa cikin zani. Ba ta taɓa yi mana tatsuniya hannu sake ba. Kullum akwai lofen mijinta a cinyarta.

Mijin nata, wanda muke kira Baba Tsoho, tun yana saurayi yake shan taba a lofe. Idan ya jima yana zuƙa, sai danshi ya taru a bututun, ka ji yana kuka, ɓul-ɓul, kamar tulun da aka nutsa a rafi. Sai ya ɓata fuska ya tofar, don ruwan ɗaci ya taɓa masa harshe. Gyaran aikin Iya ne. Takan cire kan lofen na yumɓu, ta karkaɗe tokar, ta naɗa auduga a tsinken tsintsiya ta zura cikin bututun, ya fito baƙi ƙirin. Ta bi shi da gashin zabuwa, sannan ta jingine shi kusa da garwashi ya sha ɗumi. Takan ce, "Na gaya masa ya bar tabar ta bushe, ya kuma daina ja kamar ana korarsa. Ina! Ba ya ji."

Shekarun da aka dawo da shari'a ne a jiharmu, wa'azi ya yawaita, har kan taba. Babanmu ya ɗauki abin da zafi. Ya roƙi tsohon ya bari, tsohon ya ƙi, sai magana ta yi ƙaranci tsakaninsu. Baba Tsoho ya daina zama a zaure da lofensa, ya koma bakin ƙofar ɗakinsa shi kaɗai. Babanmu kuwa gaisuwa kawai, ya wuce. Ga shi shi ne ɗan farin Iya, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi su yi shawara.

A wani sanyi, Baba Tsoho ya riƙa kawo lofen gyara fiye da da. Ran nan muna zaune, Babanmu na gefe yana ɗinkin buhu da hasken wutarmu, sai Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe gare ku, 'ya'yan nan."

Muka ce, "Ta iso, Iya, kunnuwanmu na nan."

Ta ce wai an yi wani manomi mai lofe, yana da mata da 'ya'ya da rumbu cike da gero. Wata rana lofensa ya fara kuka. Ya goge, ya shanya, kukan bai tsaya ba. Sai ya rataya jakarsa ya tafi neman mai gyara. Ya je wajen magini, magini ya duba ya ce, "Kan nan lafiyarsa lau." Ya je wajen maƙeri, maƙeri ya zura ƙarfe ya ce, "Bututun nan a bushe yake." Manomi ya ce duk ba su iya aiki ba, ya ci gaba, kasuwa bayan kasuwa. Duk inda ya isa, Iya sai ta kumbura kumatu ta kwaikwayi kukan, mu kuwa mu yi ta dariya har da faɗuwa.

Damina ta zo ta wuce bai koma ba. A ƙarshe ya tarar da wata tsohuwa makauniya a bakin rijiya, ya ba ta labari. Ta ce, "Miƙo lofen." Ya miƙa. Ta ce, "To, ja numfashi." Ya ja. Sai ga kukan nan, ɓul-ɓul. Ta ce, "Bawan Allah, lofenka na hannuna. Koma gida, 'ya'yanka su nema maka magani tun da sauran ƙarfi." Ya juya da sauri, amma tafiyar ta yi nisa. Ya hango kukar ƙofar gidansa, ya zauna ya ɗan huta, bai sake tashi ba.

Iya ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Shiru kawai ta yi, mu ma muka yi. A cikin shirun nan ne na ji kukan nan, ɓul-ɓul. Daga bakin ƙofar Baba Tsoho yake fitowa, a hankali, yana hawa yana sauka. Na dubi cinyar Iya. Lofen na nan a warware, kai daban, bututu daban.

Babanmu ya ajiye buhun. Ya tashi ya je ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, gobe in Allah ya kai mu za mu asibitin Daura."

"Me zan yi a asibiti? Lofen nan ne, danshi ya yi masa yawa."

"Baba, lofen yana wajen Iya."



Da safe aka ɗauke shi a mota. Likita ya ce ruwa ya taru a ƙirjinsa, an kuma makara. Aka ba shi magani aka dawo da shi gida. Daga ranar Babanmu ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin tsohon. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa alwala, muna jiyo hirarsu ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da dariya. Kafin ruwan shuka ya sauka, Baba Tsoho ya rasu, kansa a kafaɗar ɗansa.

Bayan na yi aure na taɓa roƙon Iya ta maimaita wa 'yata tatsuniyar manomin nan. Ta kau da kai ta ce, "Wannan ba a yin ta sau biyu."

Ina yarinya, na ɗauka darasin shi ne taurin kai yana kashe mutum. Sai da na girma, na yi jinyar nawa mutanen, na gane abin da ya fi wannan nauyi. Iya ta daɗe da sanin inda kukan yake. Ta yi watanni tana goge bututun da ba shi da ko ɗigon ruwa, don mijinta ya miƙo mata, ita kuma ba ta iya ce masa ba nan ciwon yake ba. Kunya ta hana ta gaya wa ɗanta, tsoro ya hana ta gaya wa mijinta. Sai ta tara yara ta ba su dariya, don manya biyu su ji. Ba ta ceci ransa ba. Amma ta sa ɗa ya riski ubansa da rai, har suka yi bankwana.

Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan Baba Tsoho, ya sa sun huta.