Dikko Mai Haɗa 'Yan Dara

Duk wanda ya taɓa zama gindin darbejiyar bakin kasuwar Talata Mafara bayan girbi ya san Malam Dikko na Morai, Allah ya jiƙansa. Manomin gero ne, ba shi da wata sarauta. Amma shekara ashirin da 'yan kai shi ke haɗa gasar dara tsakanin mutanen Mafara da Bakura da Maradun, shi ke cewa wane ya zauna da wane.

Da farko da ido yake haɗawa, wanda aka cinye ya kaɗe riga ya tashi. Sai ƙorafi ya yi yawa: mutum ya taso tun daga Dosara, a zaunar da shi gaban gwani, kafin azahar yana neman motar gida. Dikko ya koma ƙuri'a, a zuba karare a hula kowa ya zaro. Ita kuwa ƙuri'a makauniya ce. Wata shekara ta haɗa manyan gwanaye biyu tun wasan farko, sauran gasar ta zama tuwo ba miya.

Sai Lukman, malamin firamare, ya kawo shawara: kowa ya kara da kowa, wanda ya fi yawan nasara shi ne zakara.

"Tsarinka ya yi, Malam," in ji Dikko, "amma ka manta da Hayatu."

Hayatu ɗan Birnin Tudu ne, hannunsa da kaifi, kuma shi ke auren Taibatu, 'yar Malam Yakubu. Shi Yakubun nan aminin Dikko ne tun suna kiwon awaki. Ya tsufa a dara bai taɓa zama zakara ba, ga ido ya fara rauni. Duk shekarun nan, ko ƙuri'a ta haɗa Hayatu da surukinsa, Dikko kan sa a sake zarowa.

"Wasa ne fa, Baba. Ina ruwan dara da surukuta?"

"To, mu gani."

Su takwas suka shiga, aka yi Talata uku ana bugawa. Ranar da ta biyo kan Hayatu da Yakubu, Hayatu ya tuɓe takalmi, ya ƙi hawa tabarma, ya tsuguna kansa a ƙasa. Sau uku ci yana buɗe a gabansa, sau uku yana kai hannu wani gurbin.

"Hayatu, ina ka baro idon naka?" wani ya jefo.

"Taibatu ya ba ajiya!"

Aka yi dariya, ban da Dikko.

Da aka gama, Yakubu na da nasara shida har da wadda ya yi kan Hayatu, Murtala na Dosara biyar. Murtala kuwa Hayatu ya cinye shi ba sani ba sabo. Jama'a suka zuba wa Dikko ido. Ya san in ya yi shiru ba mai cewa uffan, ya kuma san in ya yi magana amincin shekara hamsin ne zai taɓa. Ya daɗe yana juya hularsa.

"A cire wasannin da su biyun suka yi da Hayatu," ya ce. "Sun zama biyar biyar. Su sake zama."

Yakubu ya miƙe. "Dikko, gaban jama'a kake cewa sadaka aka ba ni?"

"Kunya aka yi maka, Yaya, kuma ka cancanta. Amma kunya ba ci ba ce."

Yakubu ya koma ya zauna. Kafin la'asar Murtala ya cinye shi. Yakubu ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko sallama babu.

Sau biyu Dikko ya je gidansa, ana ce masa ba ya nan. Tsarin Lukman dai ya zauna, sai aka ƙara masa doka: suruki ba ya karawa da suruki. Yakubu bai sake zuwa dara ba.

Damina biyu bayan haka Dikko ya rasu. Ranar uku sai ga Yakubu, Hayatu na riƙe da hannunsa, don idon ya tafi. Ya zauna can gefen tabarma, ya yi gaisuwa, ya shafa fatiha. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Da ya bar mini nasarar nan shekara ɗaya, mi zai ragu?"

Ya sa hannun riga ya share fuska, ya ce, "Ba zai bari ba. Allah ya jiƙan Dikko."