Safiyon Da Ya Ƙi Tsaga Unguwar Bayan Tasha

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, 'yarka ta fari ta kira ni a waya. Ina zaune a kan kujerarka, a teburin da ka yi shekara goma sha tara kana aiki a kansa. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na ajiye wayar, na dubi allon kwamfutar da ke gabana, sai na ga taswirar mazaɓun nan da na zana da hannuna.

Yaya Safiyo, an rubuta maka ta'aziyya da yawa a makonnin nan, har da ta hukumarmu, wadda aka buga a jarida da hotonka na shekara ashirin baya. Tawa ba irin tasu ba ce. Ni da kai mun san abin da ya faru, kuma ba zan iya yabonka ba sai na tona kaina.

Na zo hukumar shata iyakokin mazaɓu ina tinƙaho da takardar shaidata. A tunanina aikin duka a kwamfuta yake: a zuba alƙaluman ƙidaya, a ja layi, a raba jama'a daidai gwargwado, kowace mazaɓa ta sami ɗan majalisa ɗaya. A makona na farko ka leƙo allona, ka ɗora yatsa a kan wani layi, ka tambaye ni abin da ke wurin. Na ce fili ne. Ka yi dariya, ka ce in zo gobe da takalmin da ba na tausayi. Washegari muka je. Filin nan nawa ashe gidaje ne arba'in da 'yan kai, da injin niƙa, da wata bishiya da tsofaffi ke zama a gindinta. Tun ranar na koyi cewa ba ka yarda da ɗigo ko ɗaya a cikin kwamfuta sai ƙafarka ta taka wurin. Abokan aiki suna yi maka ba'a, suna cewa gwamnati ta saya maka kwamfuta amma kai jaki ya dace a saya maka. Kai ma kana taya su dariyar.

Ina tuna ƙauyen nan na ƙetaren kogi. Wani ya taɓa yin kuskuren lamba ɗaya wajen shigar da bayanansa, sai taswira ta ajiye shi a gaɓar da ba tasa ba. Zaɓe uku mutanen suna shiga kwalekwale don zuwa rumfar da aka rubuta sunayensu, tsofaffi da masu ciki kuwa sun haƙura da ƙuri'a gaba ɗaya. Ba wanda ya aike ka. Wata wasiƙa ce da aka rubuta da fensir ka tsinta a ƙasan tarin takardu, ka bi diddigi, ka je ka auna, ka dawo ka yi wata bakwai kana hawa bene kana sauka har aka gyara lamba ɗaya tak. Da mutanen suka aiko a yi maka godiya, ka ɓuya a ɗakin buga taswira har wakilansu suka gaji suka tafi.

Akwai kuma wanda ya fi ci mini rai. Shekarar da matata ta kwanta asibiti, sati uku ban taka ofis ba. Yankin da aka ba ni in auna, kai ka je ka auna shi bayan ka gama naka, cikin tsananin zafi, ka shigar da komai, ka sa sunana a ƙasan rahoton. Ban sani ba sai da aka yaba mini a taro. Da na zo yi maka magana, ka ce in bar zancen, in tambayo maka jikin maiɗakina. Wannan shi ne mutumin da na ci amanarsa.

Shekara uku da suka wuce aka zo sake shata iyakoki. Akwai unguwar bayan tashar jirgin ƙasa, ta leburori da masu ɗinki da 'yan ƙaramar sana'a, masu ƙuri'a wajen dubu goma sha tara. Duk damina ruwa na shiga musu ɗaki saboda babu magudana. Sun roƙi ɗan majalisarsu har sun gaji, sai a zaɓen da ya gabata suka haɗa kai suka juya masa baya, da ƙyar ya sha. Bai manta ba.

Wata safiya Darakta ya kira mu ofishinsa, ni da kai. A kan teburinsa akwai taswirar gari da aka yago daga jikin kalanda, an bi ta da jan biro. An tsaga unguwar gida uku. Kashi ɗaya an manna shi da unguwar manya da ke can bayan filin jirgin sama, kashi ɗaya an ja shi da wani siririn wuya an haɗa da ƙauyukan da ke nesa, ragowar aka bar wa ɗan majalisar, daidai wanda ba zai iya cutar da shi ba. Siffar abin kamar hanjin kaza. Darakta ya ce a shigar da shi kwamfuta, a daidaita alƙaluma yadda zai yi kyan gani, kafin Juma'a.

Ka daɗe kana kallon takardar. Sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, wa ya auna wannan?"

Ya ce, "Daga sama aka aiko."

Ka ce, "To wanda ya aiko bai san unguwar ba, ko kuma ya san ta sosai. Layin nan ya ratsa ta tsakiyar makarantar firamare. Nan kuma ya shiga ta ƙofar gidan mutane ya fita ta bayan gida. Ni dai ban iya wannan aikin ba."

Darakta ya ce ka yi tunanin shekarunka na aiki da iyalinka. Ka ce ka yi, shi ya sa. Ba ka ɗaga murya ba, har sallama ka yi masa da za ka fita. Ni kuwa na tsaya. Ya juyo ya dube ni, tun kafin ya umarce ni na miƙa hannu na ɗauki takardar.

Minti arba'in ya ɗauke ni, Yaya. Na ƙirga. Abin da kai za ka yi wata biyu kana takawa da ƙafa, na yi shi da linzamin kwamfuta ina shan shayi. Na gaya wa kaina cewa in ban yi ba wani zai yi. Na gaya wa kaina ina da 'ya'ya a makaranta, kamar kai ba ka da su. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma na daɗe ina faɗar wannan karin maganar a kan wasu kafin in gane ni ake nufi.

Kafin wata ya ƙare aka yi maka abin da suka kira sauyin wurin aiki. Aka mai da kai ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori a ƙarƙashin matakala, inda ba taga, bango yana tsattsafo, takardu suna warin ruɓa. Kowa a ginin ya san kana da ciwon ƙirji. Ni aka ba kujerarka, aka ƙara mini muƙami, abokan aikin da ke cin gyaɗarka kullum suka zo suna taya ni murna. Mutanen da ka koya wa aiki suka koma in sun hango ka a baranda sai su tuna sun manta wani abu a ofis. Tir da mu.

Da ka zage ni, da na sami sauƙi. Amma kowace safiya sai ka tsaya a bakin ƙofata ka gaishe ni, ka tambayi yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gaisuwar nan ta fi mini mari zafi. Sau ɗaya kawai ka taɓa zancen. Ka ce, "Ƙanena, layinka ya bi ta tsakar gidan wata tsohuwa mai ɗinki, kusa da famfon unguwa. In ka sami lokaci ka je ka gan ta." Na ce to. Ban je ba.

Aka yi zaɓe, ɗan majalisar ya lashe cikin ruwan sanyi. Damina ta zo. Mutanen unguwar suka je wurin wakilin farko, ya ce bakin magudanar ba a mazaɓarsa yake ba. Na biyu ya ce tsakiyarta ce kawai tasa, ba a gina rami daga tsakiya. Na uku ko ganinsu bai yi ba. Kowannensu ya buɗe taswirata ya nuna musu, kuma kowannensu ya faɗi gaskiya, don haka na zana ta. A watan Agusta katanga ta jiƙe ta faɗa kan wasu yara biyu 'yan gida ɗaya. Na karanta labarin a kan kujerarka, na ninke jaridar na sa a aljihun tebur.

Kai kuwa ka ɗauki tsohuwar na'urar awonka, wadda ka saya da kanka tun kana saurayi, ka dinga zuwa unguwar duk ranar hutu. Ka auna musu gangaren ƙasa tun daga bayan tasha har rafi, ka kafa turaku, ka nuna musu inda za su haƙa da zurfin da zai ishe su. Da shebur da diga suka haƙa, maza da mata. An ce mini kana tsaye cikin ruwa har gwiwa kana tari kana ba da umarni, matarka tana faɗa, kana cewa saura kaɗan. Magudanar ta yi aiki. Ƙirjinka ne bai sake komawa daidai ba.

Abin da na gani a gidanka ranar zaman makoki shi ya sa na ɗauki alƙalami. Darakta ya zo. Ɗan majalisar ma ya zo, da motoci biyar da mai ɗaukar hoto. Aka tashi 'yan uwanka daga kujerun inuwa aka ba su. Ya kama hannun babban ɗanka, ya jira sai da mai hoto ya gyara tsayuwa, sannan ya ce ƙasa ta yi rashin ma'aikaci mai gaskiya wanda ba ya tsoron kowa. Darakta har da share ido, ya sanar cewa za a sa sunanka a ɗakin taron hukuma, ɗakin da suka hana ka shiga shekara uku. Ban taɓa jin yabo mai wari irin wannan ba. A waje kuma, cikin rana, mutanen bayan tasha ne suka zo da ƙafa, sun fi ɗari biyu, suna zaune a ƙasa a gefen titi saboda masu gadin ɗan majalisar sun tare ƙofa. Ni ina ciki, a kan kujera, a sahun manya.

Bayan kwana huɗu na je gidan mai ɗinkin. Ƙaramin gida ne, ɗaki biyu suna kallon juna, igiyar shanya a tsakani. Ita tana zaɓe a wata mazaɓa, ɗanta da ke ɗakin da ke fuskantar nata yana zaɓe a wata. Da na ce daga ofishinku nake, ta tsayar da keken ɗinkinta, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta yi ta sa maka albarka. Ta ce kai ka riƙe mata tsani ranar da ake gyaran rufinta. Na kasa shan ruwan. Na ce, "Inna, layin da ya raba gidan nan, ni na ja shi."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba ta yi fushi ba, kuma ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "To, ɗana, hannun da ya ja shi ai ga shi nan a jikinka, bai shanye ba." Ta mai da ƙafarta kan keken ta ci gaba da ɗinki.

Mutanen unguwar suna da ƙara a kotu tun bara, tana ta jan ƙafa saboda ba su da shaida daga cikin hukuma. Jiya na kai wa lauyarsu takardar kalandar nan mai jan biro, wadda na ɓoye duk tsawon lokacin nan don kare kaina, tare da bayanan da ke nuna ranar da aka sauya layin da sunan wanda ya sauya. Na sa hannu cewa zan tsaya in faɗa da bakina. Za a zauna ranar sha huɗu ga watan gobe. Ban sani ba ko za a gyara taswirar, kuma na san kujerar nan ba za ta kai ni ƙarshen shekara ba. Ba jarumta ba ce. Jarumta a ofishin Darakta ake bukatarta, kana raye, kana tsaye kusa da ni.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwancinsa fiye da yadda muka ƙuntata masa a duniya. Ka sanya kowane taku da ya yi don kada a zalunci wani a cikin mizaninsa. Ka jiƙan yaran nan biyu da katanga ta danne, Ka ba iyayensu haƙuri.

Zuwa ga matarka, wadda ta san komai amma ta karɓi gaisuwata ba ta kau da kai ba, da 'yarka ta fari da har yanzu take kirana Baffa, da ƙannenta uku, da 'yan uwanka, da jama'ar bayan tasha waɗanda su ne suka yi rashi na gaskiya, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba ku juriya, Ya tsaya muku, Ya albarkaci abin da ya bari. Ni kuma ina roƙon ku sa ni a addu'a, Allah Ya ba ni ikon buɗe baki ranar sha huɗu ga wata. Amin.