Ganyen da Ake Kira Suruki

Ban taɓa mantawa da ranar da majon asibitin ƙauye, wato babban malamin jinya, ya aiko a kira ni ba. Tsakiyar shekarun 1990 ne, ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji a Madarumfa. An ɗora mana tattara tsirran magani: mu matse su cikin jarida, mu rubuta sunan gari, sunan boko da amfani, sannan ko da dafi ko babu. Kwafi ɗaya na zuwa asibiti. Dokar Ajidan Mamman, shugabanmu, ita ce kada a cika takarda sai an ga fure da 'ya'ya.

Da bazara wani tsohon maharbi a yankin Safo, mai bin al'adar gargajiya, ya ba ni busasshen ganye. Na ce, "Baba, mi sunanshi?" Ya ce, "Suruki muka ce mishi. Hayaƙinshi na maganin fuka." Rana ta yi zafi, babur na jira. Na rubuta sabon tsiro, gurbin dafi na sa "babu".

Da kaka aka kawo wani manomi, Malam Idi, asibiti yana sambatu, jiki zafi rau, baki a bushe. Matarsa ta ce 'ya'yan suruki ta dafa masa don fuka. Majo ya duba takardata, ya ga babu dafi, ya bi sawun zazzaɓi har azahar kafin ya neme ni.

Matar ta kai ni gindin tsiron. Farin fure kamar kakaki, 'ya'ya masu ƙaya. Zaƙami ne, wanda masana suka haɗa da danginsa ƙarƙashin suna Datura. Ko ɗan koyo ya san shi da dafinsa.

Na tambayi tsohon don me bai faɗa mini zaƙami ne ba. Ya dube ni. "Ɗana, wa ka kiran sunan surukinai? Abin da muka tsoro, ba mu ambaton shi. Kai ka tambayi suna, ba ka tambayi dalili ba."

Malam Idi ya cika da la'asar. Majo ya ce ko da ya sani da wuri, ba lalle ya tsira ba. Na ji, amma ban samu sauƙi ba.

Ku masu tasowa, in mutanen ƙauye suka sakaya sunan tsiro, ku ajiye biro ku tambayi dalili. Sun riga mu rarraba tsirrai, kuma da gawarwakinsu suka koya.