Mata Uku, Kwalba Ɗaya

Ni dai ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba mai yawan fita ba ce. Amma Allah ya ba ni kunne, bangon gidanmu na Zango kuma ba shi da kauri. Abin da maza suka faɗa a ƙofar gida bayan la'asar, kafin su naɗe tabarma na riga na kai shi madafa. To, kunnen nan shi ya ja mana abin da zan faɗa.

A ɗakin da ke jikin zaure akwai wata tsohuwa, duk gidan Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Daga ƙasar Nijar aka kawo ta Kumasi tana amarya, mijin ya rasu, ba ta haihu ba, ta yi zamanta. Ita ta goye ni da mahaifiyata ta rasu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kullum olonka goma take soyawa, gwangwanin nan da ake awo da shi a kasuwa. A kai inji a niƙo, a juye a turmi, tana ɗiga ruwan zafi ina juyawa da taɓarya har man ya taso. Kwalba goma muke samu, in gyaɗar ta yi kyau sha ɗaya. Mu biyu rak, kafin azahar mun wanke hannu.

Ƙarshen shekarar sittin da tara gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, mako biyu aka bayar. Mu babanmu haifaffen arewacin Gana ne, dokar ba ta taɓa mu ba. Gwaggo kuwa takarda ɗaya ta taɓa mallaka a duniya, katin asibiti, shi ma tuni ta hura wuta da shi. Garin da aka ɗauko ta, duk wanda ta sani a can ƙasa ta rufe idonsa. In ta tafi, ba ta san ƙofar da za ta yi wa sallama ba.

Ana cikin wannan sai ga wani akawu ya shigo unguwa, farar riga, jaka a hammata. Kafin ya iso gidanmu lungu ya yi tsit, har kaji sun yi hankali. Batone ne, ɗan Asante, a unguwar Kwadaso yake zaune, Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk "kai" yake ce musu. Ya rantse shi ba ɗan sanda ba ne. Ofishinsu, in ji shi, yana so ya san abin da kowace ƙaramar sana'a ke fitarwa a rana da yawan hannun da ke yin ta, don a gane ƙarfin ƙasa. Ran Alhamis zai dawo ya zauna ya gani da idonsa.

Ka ji gwamnati. Hannu ɗaya yana ƙirga masu sana'a, ɗaya yana loda su a mota, hannuwan kuma ba sa gaisawa.

Da la'asar ɗin ranar na ji wani direban torotoro, motar hayar nan, abokin Baba, yana ba da labari a ƙofar gida. Wai ya ji a tashar Reskos cewa duk baƙon da ke da masana'anta, yana ba 'yan ƙasa aiki, ba mai taɓa shi. Wai har takarda ake biyo shi da ita gida. Ni kuwa na ɗauki maganar akawu na ɗora a kan ta direba, na ga sun zauna daram kamar tukunya da murfinta.

Na ce, "Gwaggo, kin tsira. Ran Alhamis masana'anta gare ki."

Ta ce, "'Yar nan, turmi ɗaya gare ni, shi ma ya tsage."

Na ce, "Gayya za mu yi."

Baba da na gaya masa, sai ya ce, "Ke dai da kunnen nan naki." Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, na ɗauka izini ne.

Ni da ba na fita, kwana biyu ina bin gidaje. Sharaɗina ɗaya, sai mai cibiya a Gana. Na samo Dagombawa, na samo Gonjawa, na samo Tonawa uku, cikinsu har da Maame mai dokono, tuwon masarar nan na ƙunshi, da ke bakin titi, wadda ta ce ita ba ta taɓa matsar gyaɗa ba amma ta iya tsayuwa kusa da turmi. Mata ashirin da biyu, da mu ashirin da huɗu. Na aro turame biyar. Gyaɗa ce kawai ban ƙara ba. Masu kawo ta da masu dakonta rabi sun gudu, olonka goman ma da ƙyar muka haɗa. Ban kuma damu ba. Wa ya taɓa shiga gidan biki ya leƙa cikin turmi? Taro ake kallo.

Ran Alhamis akawu ya iso da hantsi, ya tsaya a bakin zaure ya riƙe baki. Turame shida a jere, mata da zannuwan fita, waɗansu har da ɗan kunnen zinari. Na ba shi kujerar Baba.

Ya ce, "Duk ma'aikata ne?"

Na ce, "Duka. Ashirin da huɗu. 'Yan ƙasa zalla, ban da mai masana'antar."

Ya rubuta. Ya ciro agogo ya ajiye a cinya.

Aka raba niƙaƙƙiyar gyaɗa gida shida, kowane turmi ya samu ɗan abin da bai rufe gindinsa ba. Mata huɗu a kan turmi, taɓarya ɗaya, sai aka shiga karɓa-karɓa: wannan ta juya sau uku ta miƙa, waccan ta ce bari ta gyara ɗankwali. Tukunyar ruwan zafi ɗaya ce, kafin a kai turmi na shida ya huce. Wata ta zuba ruwa kamar za ta dama koko. Kowa kuma sai ta lakata ta ɗanɗana, don a san ko gishiri ya ji, alhali ba a sa gishiri ba tukuna. Hira kuwa ba a magana. A ranar aka sasanta wata rigimar shekara uku, aka kuma tada sabuwa.

Gwaggo tana zagayawa kamar kazar da aka taɓa wa ƙwai. Ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "'Yar nan, mai ba ya son hannu da yawa. Fushi yake yi."

Na ce, "Ki yi murmushi, yana kallonki."

Sai bayan la'asar muka gama. Abin da ya manne a turame shida da taɓare shida da yatsu ɗari biyu da wani abu, Allah kaɗai ya san yawansa. Aka jera kwalabe a gaban akawu. Takwas, ta ƙarshen ma ba ta kai wuya ba.

Ya ƙirga, ya dubi agogo, ya yi 'yan rubuce-rubuce a gefen takarda. Ya sake ƙirga mu da bakin alƙalami.

Ya juyo gare ni ya ce, "Maame," haka suke kiran kowace mace, "mata uku, kwalba ɗaya."

Na ce, "Me ke nan?"

Ya ce, "Haka ake awo. A ɗauki abin da aka yi a raba wa waɗanda suka yi shi. Kowane mata uku sun wuni sun yi kwalba ɗaya. Tun da na fara aikin nan ban ga wurin da hannu ke da sanyi haka ba."

Maame mai dokono ta riƙe ƙugu. "Ɗana, a cikin ukun ni ce wacce? In murfin kwalbar ne rabona ka gaya mini, in ɗauka in tafi."

Aka fashe da dariya. Wata Badagomba ta ce ita ba ta yarda ba, a raba kwalaben da waɗanda suka yi gumi kawai, a cire masu zinari. Mai zinari ta ce ai gumin wasu na ƙiba ne, ba na aiki ba.

Akawu ya ce mu yi koyi da mai sabulu ta bayan gidanmu. Jiya ya je wurinta, mace ɗaya tilo, ga sabulu tuli har rufin ɗaki. Ya ce irin ta ƙasa ke buƙata. Duk mun san ma'aikatanta huɗu ne, ba su da takarda, ta kulle su a makewayi har ya fita.

Na ce, "Malam akawu, gaskiya mu biyu ne muke yi. Kwalba goma, kafin azahar."

Ya ce, "Da safe ka ce ashirin da huɗu."

"Da safe ban san rabawa za ka yi ba."

"Ni abin da idona ya gani nake rubutawa."

Gwaggo ce ta katse mu. Ta goge hannu a zane, ta zo ta durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa sa'an jikanta ba.

Ta ce, "Yaro, bar batun kwalba. Takardar nan taka za ta sa a bar ni in zauna?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi turamen. A nan ya gane. Ya sauko daga kujera ya tsuguna shi ma. Ya ce, "Maame, ofishinmu ƙirga kawai yake yi. Ofishin takardar zama daban ne. Ko gaisuwa ba ma yi da su."

Gwaggo ta ce, "To." Ta tashi ta ƙunsa masa ƙuli-ƙuli, ta raba wa matan sauran, don gayya ba a sallamar ta hannu wofi.

In faɗi gaskiyar yaron nan, ran Asabar ya dawo ba jaka. Ya je ya tambayo mata. Aka ce sai ta samu fasfo daga ofishin ƙasarsu a Ankara, babban birnin Gana, kafin a saurare ta, layin kuma mutane kwana suke yi a kansa, ga wa'adi saura kwana uku. Baba ya ce ta zauna, zai ɓoye ta a ɗakin baya, in an zo a ce yayarsa ce. Ta ce ita ba akuyar sata ba ce, kuma ba za ta bari ɗan sanda ya ja ta a gaban yaran da ta goya ba. Ran Litinin muka raka ta Reskos. Yaron mota ya ƙi ɗaukar turmi, ya ce wurin mutum ɗaya ne. Na yi kuka har na ba mutane kunya. Ita ko sai faɗa take mini in daina barin gyaɗa tana ƙonewa.

Bayan wata huɗu, cikin sabuwar shekara, akawu ya sake sallama. Zagaye na biyu, in ji shi, don a ga ko sana'o'i sun ci gaba. Ya tambayi kwalba nawa yanzu. Na ce babu. Na gwada ni kaɗai sau biyu, man ya ƙi tasowa, na bari.

Ya ce dole ya rubuta dalili. Ya karanta mini gurabun da aka tanada: inji ya lalace, babu kayan aiki, ma'aikata sun yi yaji, gobara.

Na ce, "Rubuta an kore ta."

Ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya bayanta. Ya ce, "Babu gurbin wannan."

"To ka zaɓi wanda ya yi maka."

Ya daɗe alƙalami na rataye. Sannan ya sa alama a kan inji ya lalace, bai ɗago ya dube ni ba.

Sau ɗaya muka ji labarinta, ta bakin wani fatakin goro. Ya gan ta a wata kasuwa can ƙetaren iyaka, a rumfar wasu mutane da ba danginta ba, tana taya su ɓarar gyaɗa. Ta ce a gaya mini tana lafiya, gyaɗar can ma ta fi tamu mai. Na tambaye shi ko ta yi ƙiba. Ya ce shi goro ya je sayarwa, bai lura ba.