Ɗakin Bulo a Gidan Matafiya

Kakana ya baro ƙasar Hausa can yamma da ƙafa, da niyyar Makka. Da ya iso garin Gadarif, nan gabas, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi yankan riɗi na kaka ɗaya ya samu na hanya. Kabarinsa yana nan bayan unguwarmu. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni, amma in ka tambayi Baba ko mu 'yan ina ne, sai ya ce maka kan hanya muke.

Kuma ba da wasa yake faɗa ba. A gidanmu ba a gini. Guɗɗiya ake yi, bukkar nan ta ciyawa mai tsinin kai, in ta ruɓe a sake wata. Baba ya ce duk wanda ya aza bulo kan bulo ya sauke niyya, shi kuwa ba zai sauke abin da ubansa ya mutu yana ɗauke da shi ba. Agashe yake gasawa a kasuwa, tsiren da duk garin ya san Hausawa da shi. Larabawa suna kiransa ya Hajj, yadda suke kiran kowane mai furfura, shi kuma sai ya ajiye wuƙa ya tsaya yi musu bayani cewa tukuna dai, bai je hajjin ba, har nama ya ƙone.

Ni aikin mashru'i nake yi, manyan gonakin tarakta na wajen Basunda. Wata shekara na dawo daga yankan riɗi na tarar Inna tana wani tari da ban san ta da shi ba. Daminar da ta wuce ta gama da guɗɗiyarta, ruwa ta sama, danshi ta ƙasa, ita kuwa ba ta gaya wa kowa ba, sai dai ta ja gado daga wannan gefe zuwa wancan. Na kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, sannan ya ja ni gefe ya ce matar nan ba za ta ɗauki wata damina a ɗakin da yake jiƙa ba. Na tsorata, wallahi.

Na samu Baba da safe yana jera nama a tsinke. Na gaya masa abin da likita ya ce, na ce ina so in yi wa Inna ɗaki ɗaya na bulo da kwano.

“A ƙara wa guɗɗiyar ciyawa,” in ji shi.

“An ƙara bara, Baba.”

“To a sa leda.”

“Ledar tana nan. Ita ce ke tara ruwan ta juye mata shi gaba ɗaya.”

Ya ɗaga kai ya dube ni. “Kai kake so ka zaunar da mu?”

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, a zaune dai muke tun kafin a haifi mai tambayar.

Abin haushin shi ne, kowa ya kawo mini uzurin fasa ginin har gida, ban ma tambaya ba. Shekarar da yaƙi ya cika garin da baƙi ce, siminti ya yi tsadar da in ka tambayi farashi mai shago yakan dube ka da tausayi. Yayata ta zo daga Shuwak ta ce in rufa wa kaina asiri, kada in ja bakin uba. Magini ma da na nemo ya ce ƙasar Gadarif ba ta son bango, da rani ta tsage, da damina ta kumbura, in ban yi tushe mai zurfi ba asara ce. Duk gaskiya suka faɗa. Sai na hango kaina zaune a tabarmar makokin Inna, mutane suna miƙo mini hannu suna cewa ma'alesh, wato haƙuri, ba laifinka ba ne, zamani ne, ni kuma ina gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne na san ba zan iya ba.

Na koma wurin Baba na durƙusa. Na ce, “Baba, niyyarka tana nan yadda take, ban taɓa ta ba. Ni ne na sauka. Ɗakin nawa ne, Inna aro za ta yi. In akwai tambaya gobe kiyama, ni za a yi wa.”

Bai ce in yi ba, bai ce kada in yi ba. Ya ɗauki tirensa ya tafi kasuwa. Daga ranar sallama kaɗai yake amsa mini, ita ma don wajibi ce.

Muka haƙa tushe har ƙugu, muka cika da dutse da yashi. Ni ne lebura, don na magini kaɗai zan iya biya. Baba ba ya yi mini magana, amma yana da ra'ayi kan ginin, don haka akuyar gidan yake gaya wa. Sai ya tsaya kusa da turke ya ce da ita, “Kin ga wancan layin ya karkace.” Ni kuma in je in duba, in tarar ya karkace ɗin, in gyara. Wannan akuya ta koyi gini a shekarar nan.

Abin ya yi mini ciwo fa. Tun ina ƙarami kwano ɗaya muke ci da shi, yanzu ya koma ci shi kaɗai, ya juya mini baya. Inna kuma ba ta goyi bayana ba, ba ta goyi nasa ba. Tana zaune tana tari tana kallon bango yana tashi.

Hadari ya fara leƙowa ta wajen Gallabat muka buga kwanon ƙarshe. Da hantsi ni da yayata muka ɗauko gadon Inna da akwatinta na ƙarfe muka shigar. Inna ta shigo a hankali, ta shafa bango da tafin hannu, ta zauna. Na ce ko akwai abin da ya rage.

Ta ce, “A ba ni ƙusa.”

“Ta mece ce, Inna?”

“Ƙusa dai. In rataya mayafina.”

Na samo ƙusa da guduma. Bugu biyu na yi ta lanƙwashe. Sai na ji an karɓe gudumar daga hannuna ta baya. Baba ne, ban san ya shigo ba. Ya miƙar da ƙusar a kan dokin ƙofa, ya auna da tsawon Inna, ya kafa ta. Inna ta buɗe akwati ta ciro mayafi ta rataya, ta ja baya tana kallonsa.

Baba ya ce, “Tun yaushe kike son wannan?”

“Tun ranar da aka kawo ni, Malam.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Kullum kana shirin tashi. Ni ce zan ce a ba ni bango?”

Baba ya tsaya da guduma a hannu. Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a tsaye ba sai ranar, na ji tausayinsa har na kawar da kai. Sannan ya juyo, ya kira sunana, ya ce, “Akwai sauran ƙusa?”