Akuyar da Aka Bari a Bakin Ƙofa

Ranar Litinin ɗin da muka koma lakwal, wato makarantar boko, shekarar da na shiga aji huɗu a Gesheme, an gama yankan hatsi ana ɗaurin dammuna, Sani ɗan sabon likitan da aka turo mana daga Dosso ya zaro wani littafi daga cikin jakarsa a gindin itacen bedi na makaranta. Littafin zane ne da Faransanci. A bangonsa ga yanyawa tsaye da ƙafa biyu, ta sha malafa, ta soke takubba biyu a ɗamara. Sani ya ce namiji ne, wai samurai, mayaƙin ƙasar Japan na zamanin da, ba shi da gida sai hanya. Muka yi masa rumfa da kawunanmu har ya ce mun tare masa iska. Ni da nake gajeruwa, ta ƙarƙashin hammatar wani na riƙa leƙe.

Kafin mako ya zagayo, duk wani karan dawa mai kauri a bayan lakwal ya zama takobi. Sani ne ke rabon matsayi, tunda littafinsa ne, kuma ba sai an faɗi wanda ya zama yanyawa ba. Wani ya zama kura shugaban ɓarayi, wani bauna mai gatari. Da na matsa sai an sa ni, aka ba ni tsohuwar akuya mai sayar da shayi, wadda ta reni yanyawar. Sau uku kacal ta fito a littafin. Aikina shi ne in tsaya jikin bedi in ɗaga hannu, su kuwa su ruga su yi ta sare-sare har a kaɗa ƙararrawa. Na ji haushi ƙwarai. Shekara guda ana kirana Akuya, kuma duk wanda ya yi mini "meee" na rama da dutse.

Tsayuwar banza ce ta sa na fara aron littafin ina duba akuyata. Faransancina lokacin bai taka kara ya karya ba, saboda haka zanen nake karantawa. A hoton ƙarshe yanyawa ya yi nisa, bayansa kawai ake gani, ita kuwa tana bakin ƙofa, ƴar ƙarama a kusurwar shafi. A kan tabarmar da ke bayanta an zana kofi biyu. Na daɗe ina kallon kofin nan na biyu, domin na san shi.

Mu biyu ne a gidanmu, ni da Kaka, mahaifiyar babana. Innata ta rasu ina goye, Baba kuma ya tafi ci-rani Kwatano, damina uku ke nan ba shi ba saƙonsa. Kowace rana idan Kaka ta kirɓa fura, sai ta ware curi ɗaya a ƙaramar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora bisa randa. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba. In la'asar ta yi babu wanda ya yi sallama, sai ta dama mini. Ni kuwa da kwaɗayi, daɗi nake ji, har addu'a nake kada baƙo ya zo. Sai da na ga kofin akuya na gane rabon wa nake shanyewa.

Daga nan na ƙulla wani abu a raina wanda ban gaya wa kowa ba: in yanyawa ya koma wurin akuya, Baba ma zai dawo. Kawun Sani kan aiko masa da ci gaban labarin daga Yamai. Duk wanda ya iso, yara su yi rububin shafukan faɗa, ni in jira su gama in bi kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya. Yanyawa ya haye duwatsu, ya yi abokai, ya binne wasu. Littafi biyar, akuya ba ta sake fitowa ba. Da na tambayi Sani ko za ta fito a gaba, ya ce, "Wace akuya?"

Ƙarshen shekara aka mai da babansa Dogon Dutsi. Ya bar mini littafin farko saboda bangonsa ya yage. Na kai gida, na tarar da Kaka tana sussuka, na nuna mata hoton, na ba ta labarin iyakar abin da na sani. Kaka ba ta yarda da dabba mai sa riga ba, ta ce aikin iskoki ne, amma ta karɓa ta kai kusa da idonta. Ba ta ko dubi takubban ba. Can ta ce, "To shi yat tahi. Ita tsohuwag ga, wa ka ɗebo mata ruwa?" Rijiyar unguwarmu zurfi gare ta, igiyar guga kan tsage tafin hannu. Tun daga washegari nake cika wa Kaka randa kafin in tafi lakwal, ba tare da ta yi mini tuni ba.

Baba bai dawo ba. Labarin rasuwarsa ya iske ni ina karatu a Dogon Dutsi, domin ni ma na tafi. Ranar tafiyata na ɗora akwatin ƙarfe a ka, ina ɗokin motar da ke jira, ban waiwaya ba. Bayan Kaka ta rasu ne maƙwabciyarmu ta gaya mini cewa tun daga ranar da na tafi curi biyu take warewa.

Yanzu a Yamai ƴaƴana suna kallon irin waɗannan mayaƙa a waya, in an zo wurin da ba faɗa sai su ja da yatsa su wuce. Ba na hana su, haka Sani ya yi. Littafin yana nan cikin akwatina, shafin ƙarshe ya yi laushi kamar tsohon zane, akuyata tana tsaye inda aka bar ta. Nakan buɗe in kalle ta, kewar Kaka ta danne ni. Har yau ban tambayi wanda ya riƙa ɗebo mata ruwa ba.